Ruhun Yezebel ne, ko Halin Mutum?



Duk mai bin shafukan wa'azin Kirista a Facebook ko YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai ci karo da wani salon wa'azi da ya yi tashe a 'yan shekarun nan ba. Mai wa'azi zai fuskanci kyamara ya shiga zayyano halayen wani irin mutum. Shi bai taɓa yin laifi ba, kullum wani ne mai laifi. A waje kowa na yabon kirkinsa, a gida kowa na tsoron motsinsa. In ba a yabe shi ba ransa ya ɓaci. In ka yi masa gyara ka zama abokin gaba. Yakan musa abin da ka gani da idonka, ya yi ta musawa har ka fara shakkar hankalinka. In mai wa'azin ya gama lissafi sai ya ce, wannan abin da masana halayyar ɗan Adam suke kira narsisizim, ba komai ba ne illa aljani. Har suna ake raɗa wa aljanin. Wasu su ce ruhun Yezebel, wasu su ce ruhun Lewiyatan.

Wannan koyarwa daga Amurka ta taso, a cikin ikilisiyoyin Fentikos da makamantansu. Amma littafi da wayar hannu ba su san iyakar ƙasa ba. Ta iso Legas, ta iso Jos da Kafanchan, ana jin ƙamshinta a taron addu'ar dare, wani lokaci har a zumuntar mata. Ƙasarmu kuwa ba baƙuwa ba ce ga maganar aljanu. Kirista ya yarda da su, Musulmi ya yarda da su, tun kafin zuwan addinan biyu ma kakanninmu sun san iskoki. Saboda haka ba sai an sha wahala ba wajen shigar mana da ita. Ni kaina Kirista ne, kuma ban zo nan don in musa samuwar Shaiɗan da mugayen ruhohi ba. Damuwata ita ce inda ake nuna yatsa in an ambace su, da kuma wanda yake shan wuya a sakamakon hakan.

Bari mu fara da abin da likitoci suke nufi. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tana da wani kundi da ake kira DSM, wanda take jera larurori a ciki. A bugun 1980 ne aka fara shigar da wannan larura ta narsisizim, wato matsanancin jiji da kai. Bugun 2013 ya jera alamomi 9, kuma sai mutum ya tara aƙalla 5, sun daɗe tare da shi tun ƙuruciya, suna bin sa gida da wurin aiki da ko'ina, kafin a ce yana da ita. Daga ciki akwai ganin kai ya fi kowa, da ƙishin yabo marar ƙarewa, da jin cewa komai haƙƙinsa ne, da amfani da mutane don biyan bukata, da rashin jin zafin da wani yake ji. Kundin ya ce kashi 50 zuwa 75 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar suna da larurar maza ne. Mai sauraro, riƙe wannan adadi, za mu waiwaye shi. Game da tushenta kuwa, masana suna ganin haɗakar gado da tarbiyya ce. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya bi yara 565 a ƙasar Holan, ya gano cewa yaran da iyayensu ke cusa musu cewa sun fi sauran yara daraja sun fi saurin kamuwa da wannan hali. Nuna wa yaro ƙauna bai haifar da hakan ba. Kambama shi ne ya haifar.

To, me ya sa mutane suke barin bayanin likita su rungumi na aljani? A nan ba na so in yi gaggawa, domin yawancin masu faɗin haka ba malaman tauhidi ba ne, mutane ne da aka gasa wa aya a hannu. A ɗauki matar da ta shekara 15 da miji irin wannan. Ranar Lahadi shi ne a gaba a majami'a, shi ke jan waƙa, shi ke ba da baiko mafi tsoka a idon jama'a. Da sun dawo gida ya rufe ƙofa, sai ya zama wani mutum dabam. Ya raba ta da ƙawayenta, ya raba ta da danginta, ya riƙe albashinta. In ta yi kuka ba ya ko gezau. Wani lokaci ma takan hangi alamar jin daɗi a fuskarsa lokacin da take kukan. In ta kai ƙara wurin dattawan ikilisiya, shi zai riga ta hawaye, a ƙarshe ita za a ba haƙuri a ce ta ƙara biyayya. Wannan baiwar Allah in ta ce maka, “Wallahi ba mutum ba ne, aljani nake aure,” kada ka yi mata dariya, kada kuma ka buɗe mata kundin likita. Tana neman kalmar da za ta ɗauki nauyin abin da ta gani ne. Kalmar larura ta yi mata sauƙi da yawa, kamar ana nema wa azzaluminta uzuri. Abin da ta gani mugunta ce, kuma tana da gaskiya da ta kira shi mugunta.

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, M. Scott Peck, da ya ji irin wannan nauyi a ɗakin duba marasa lafiyarsa. A 1983 ya fitar da littafi mai suna People of the Lie, inda ya yi jayayya cewa ya kamata likitoci su daina tsoron kalmar mugunta, har ya ba da shawarar a ɗauki mugun mutum a matsayin wani reshe na wannan larura ta jiji da kai. A ganinsa alamar irin waɗannan mutane ba yawan zunubi ba ce, ƙin amincewa da zunubin ne, da ɗora shi a kan wani ko ta halin ƙaƙa. Peck ya yarda da Shaiɗan, har ya halarci fitar da aljanu daga jikin wasu marasa lafiya biyu. Masu wa'azin yau suna yawan kafa hujja da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, Peck ya raba abubuwan biyu. Waɗanda yake ganin aljanu sun kama, bai ɗauke su miyagu ba, ya ɗauke su masu fama, masu neman ceto. Miyagun da ya rubuta littafin a kansu kuwa, lafiyarsu ƙalau suke yawo, da kwat da murmushi.

Ba Peck ne ya fara haɗa girman kai da Shaiɗan ba. Wannan tsohuwar magana ce a Kiristanci. A sura ta 14 ta littafin Annabi Ishaya akwai zambo da aka yi wa sarkin Babila, wanda ya ƙudura a ransa zai hau sama ya kafa gadon sarautarsa bisa taurari, sai aka jefo shi ƙasa. A sura ta 28 ta Ezekiyel akwai makamancinsa a kan sarkin Taya, wanda kyansa ya ruɗe shi. Malaman ikilisiya na farko, irin su Orijin na Iskandariya, sun karanta waɗannan surori a matsayin labarin faɗuwar Shaiɗan kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya koyar cewa girman kai ne mafarin zunubi, wato halitta ta juya wa Mahaliccinta baya ta koma tana jin daɗin kanta. 'Yan'uwanmu Musulmi ba sa bukatar dogon bayani a nan, sun san abin da ya hana Iblis yin sujada ga Adamu, da hujjar da ya kafa ta wuta da yumɓu.

Amma wanda nake so mu daɗe a kansa shi ne wani mai zaman zuhudu, Ibagiriyos, mutumin Fontus a ƙasar da yau take Turkiyya. An haife shi a 345. Ya yi suna a birnin Kustantiniya saboda iya magana da kaifin basira, sai zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Ya gudu, ya bi ta Urushalima, ya ƙare a hamadar Masar, inda ya zauna har rasuwarsa a 399. A can, cikin kaɗaici da azumi, ya zauna yana lura da zuciyarsa, ya rubuta cewa mugayen tunani 8 ne suke kai wa mutum hari: haɗamar ciki, sha'awa, kwaɗayin dukiya, baƙin ciki, fushi, mutuwar zuciya, son yabo, da girman kai. Ya kira su aljanu, kuma da gaske yake. Daga wannan jeri nasa ne daga baya Fafaroma Giregori Babba, wajen shekara ta 600, ya tsamo manyan zunubai 7, ya ɗora girman kai a kansu a matsayin tushensu.

Abin da Ibagiriyos ya gano game da aljanin son yabo abin mamaki ne. Ya lura cewa shi ne mafi wuyar kamawa, domin duk abin da ka yi don ka kore shi, shi ne zai zama sabon abincinsa. Ka yi azumi, ya raɗa maka cewa babu mai azumi kamarka. Ka ƙasƙantar da kanka, ya ce dubi tawali'u irin naka. Ya ce wannan aljani yakan sa mai zuhudu ya riƙa hasashen jama'a sun yi dafifi a ƙofarsa, mata suna warkewa a hannunsa, aljanu suna ihu suna gudu saboda shi, ana roƙonsa ya karɓi limanci. Mai sauraro, a lura da kyau. A ganin wannan dattijo, burin zama shahararren mai fitar da aljanu yana cikin tarkunan da aljanin son yabo yake ɗanawa. Kuma ya kafa wata ƙa'ida da duk koyarwarsa ta dogara a kanta: zuwan mugun tunani ba ya hannunka, amma ba shi masauki yana hannunka.

Ga inda nake son kai mu. A tsohuwar koyarwa, in an ce aljanin girman kai, mutum zuciyarsa yake bincika. Littattafan nan an rubuta su ne don mai karatu ya kama kansa, ya je wurin dattijonsa ya fallasa tunaninsa, ya tuba. Babu inda Ibagiriyos ya ce ga alamomi 10 da za ka gane maƙwabcinka na ɗauke da aljani. Sabuwar koyarwar ta juya abin. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa'azin ruhun Yezebel ya mai da wannan hange aikin ibada.

Juyin bai faru dare ɗaya ba. A 1973 wasu ma'aurata 'yan Amurka, Frank da Ida Mae Hammond, suka fitar da Pigs in the Parlor, littafin da ya jera aljanu rukuni rukuni, kusan kowane hali da nasa aljani, har da na girman kai da na son juya mutane. Littafin ya bazu ƙwarai. Daga ƙarshen shekarun 1980 Francis Frangipane ya yi ta rubutu a kan ruhun Yezebel, a 2002 kuma John Paul Jackson ya fitar da littafi sukutum a kan yadda za a tona asirin wannan ruhu a cikin ikilisiya. Da kalmar narsisizim ta cika intanet, sai aka ɗauko alamomin likita aka liƙa wa tsohon sunan, aka sami sabon kaya mai farin jini.

To, wace ce Yezebel ɗin? 'Yar Etba'al ce, sarkin Sidoniyawa, matar Ahab sarkin Isra'ila, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu. Ta kafa bautar Ba'al, ta kashe annabawa, ta kori Iliya. Muguwa ce, ba mai wanke ta. Amma Littafi Mai Tsarki bai ce aljani ne ya hau ta ba, kuma babu wani ruhu mai suna Yezebel a cikinsa daga farko har ƙarshe. A Wahayin Yahaya an kira wata mai ƙaryar annabci a ikilisiyar Tayatira da wannan suna, kuma abin da aka ce game da ita shi ne an ba ta zarafin tuba ta ƙi. Mutum ake ba zarafin tuba.

A koma labarin gonar inabin Nabot a sura ta 21 ta Sarakuna na Ɗaya. Ahab ya nemi Nabot ya sayar masa da gonarsa da ke kusa da fada, Nabot ya ce gādon kakanninsa ne, ba zai sayar ba. Sarki guda sai ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci, don kawai talaka ya ce masa a'a. In ana neman hoton mutumin da ba ya jure a hana shi abu, ga shi nan, namiji ne. Sannan a dubi dabarar da Yezebel ta yi. Ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta sa a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban taro, a kawo shaidun zur biyu su ce ya zagi Allah da sarki. Aka fitar da shi aka jajjefe shi. Makaminta taron addini ne da ƙazafi na ruhaniya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa tsayawa a bagadi ya nuna wata baiwar Allah ya ce tana da ruhun Yezebel, ba shaida, ba bincike, ba damar kare kai, ya zauna ya karanta wannan sura da natsuwa, ya tambayi kansa a wane gefen labarin yake tsaye.

A cikin Bishara ma haka abin yake. Su wane ne aka kawo wa Yesu masu aljanu? Mutumin ƙasar Garasinawa da ke kwana a makabarta tsirara yana raunata kansa da duwatsu. Yaron da ake jefawa cikin wuta da ruwa. Bebe. Makaho. Matar da ta shekara 18 a tanƙware. 'Yar wata mata baƙuwa da ta zo tana roƙo. Duka abin tausayi ne, su ne ake cuta. Su kuwa masu son kujerar gaba a majami'a, masu son a gaishe su a kasuwa, masu doguwar addu'a don a gani alhali suna cinye gidajen gwauraye, ba a taɓa cewa ya ɗora musu hannu ya fitar da wani abu daga jikinsu ba. Tsawata musu ya yi a bainar jama'a, ya kira abin da suke yi da sunansa. A Wasiƙar Yahaya ta Uku akwai wani Diyotarifis, mai son shugabanci, mai ɓata sunan manzanni, mai korar duk wanda ya saɓa masa daga ikilisiya. Yahaya bai ce a shirya masa addu'ar dare ba. Cewa ya yi in ya zo zai bayyana ayyukansa.

Na san za a ce mini, ai an rubuta cewa Shaiɗan ya shiga Yahuza, an kuma ce ya cika zuciyar Hananiya. Haka ne. Amma dukansu biyu su suka ɗauki alhakin abin da suka yi. Bitrus Hananiya ya tuhuma, ba Shaiɗan ba. Tun a gonar Aidan Adamu ya tura laifi kan Hawwa'u, ita ta tura kan maciji, kuma uzurin bai kuɓutar da kowa ba. Manzo Bulus ya lissafa kishi da fushi da son kai da tsattsaguwa cikin ayyukan jiki. A Alƙur'ani ma, cikin Suratu Ibrahim, an ba da labarin yadda Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa ranar sakamako, domin kira kawai ya yi suka amsa.

Me ya sa na damu har haka? Domin wannan koyarwa tana ba azzalumi kyautar da ya fi bukata. Ginshiƙin halinsa shi ne ba ya karɓar laifi. Sai ga fasto ya ce masa ba kai ba ne, aljani ne. An kai shi gaba, an yi ihu, ya faɗi, ya tashi, ya ba da shaida, jama'a sun tafa. Ya sami yafiya ba tare da ya furta abin da ya yi ba, ya kuma sami taron da ya zuba masa ido, abin da ransa yake so tun farko. Matar kuwa an ce mata an kuɓutar da mijinki, koma ɗakinki. Bayan wata biyu in ya dawo da halinsa, sai a ce ita ce ta yi sanyi da addu'a har aljanin ya sami ƙofa. Nauyin gyaransa ya koma kanta.

Ba mu manta da Osinachi Nwachukwu ba, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja ranar 8 ga Afrilu, 2022, tana da shekara 42. Bayan rasuwarta danginta da abokan aikinta suka fito suka ce ta daɗe tana shan azaba a gidan aure tana ɓoyewa, tana sa ran Allah zai sauya mijin. A Afrilun 2025 wata babbar kotu a Abuja ta sami mijin da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Ba ina cewa ga larurar da ke damunsa ba, wannan ba hurumina ba ne. Abin da nake cewa shi ne, jiran a ga sauyi ta hanyar addu'a kaɗai, alhali mace na kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta, yana iya ƙarewa a makabarta.

Akwai kuma ɓarna ta biyu. Sunan aljanin na mace ne, saboda haka mata yake faɗa wa. Likitoci sun ce rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na masu larurar maza ne, amma a majami'a wa ake kira Yezebel? Ma'ajiyar da ta nemi a nuna mata rasit. Matar da ta ƙi amsa kiran babban mutum da dare. Budurwar da ta faɗi abin da aka yi mata. Shugaban da jiji da kai ya yi wa katutu ba shi da makamin da ya fi wannan, domin in ya ce mai sukarsa aljani ke magana ta bakinta, ba sai ya amsa sukar ba. Sai ya haɗa da ayar nan da ke hana taɓa shafaffun Allah, shi ke nan bakin kowa ya mutu. A birnin Siyatil na Amurka an yi wata babbar ikilisiya mai suna Mars Hill. A 2014 kwamitin da ke sa ido a kanta ya binciki ƙorafe-ƙorafe a kan shugabanta, Mark Driscoll, ya same shi da girman kai da saurin fushi da kakkausan harshe da danne na ƙasa da shi, ko da yake bai ce a tsige shi ba. Ya yi murabus a watan Oktoba, ikilisiyar ta watse kafin sabuwar shekara. Yau yana cikin masu ɗaga murya a kan ruhun Yezebel, har littafi ya rubuta a 2023 da ya shafi batun. Mu a nan ba sai an tsallaka teku ba kafin mu san abin da laƙabi irin wannan yake yi wa marar ƙarfi. Mun san abin da ke samun tsohuwar da aka ce mayya ce a ƙauye. Mun ga yadda aka yi ta azabtar da yara a Akwa Ibom da sunan maita, har sai da jihar ta kafa doka a 2008 ta haramta jifan yaro da wannan zargi.

Tsofaffin ikilisiyoyi sun koyi taka tsantsan, kuma da jini suka koya. A 1974, a arewacin Ingila, aka kwana ana fitar da aljanu daga wani mutum mai suna Michael Taylor. Da gari ya waye aka sallame shi ya koma gida, a ranar ya kashe matarsa. Shekara ta gaba Cocin Ingila ta kafa ƙa'ida cewa ba a yin wannan hidima sai da izinin bishop, da haɗin gwiwar likitoci, kuma ba tare da talla ba. A Jamus, wata budurwa, Anneliese Michel, mai fama da farfaɗiya da larurar ƙwaƙwalwa, ta rasu a 1976 tana da shekara 23, yunwa da ƙishi sun cinye ta, bayan an yi mata zaman fitar da aljanu har sau 67. A 1978 kotu ta sami iyayenta da limamai biyu da laifin sakaci da ya jawo mutuwa. A dokar Katolika babu Fadan da zai yi wannan aiki sai da izinin bishop, kuma tsarin da Fadar Fafaroma ta sabunta a 1999 ya nanata a fara tabbatarwa ba rashin lafiya ba ne. Waɗannan ikilisiyoyi ba su daina yarda da aljanu ba. Sun dai gane cewa faɗin wane yana da aljani magana ce mai nauyi, ba ta kowa da kowa ba ce. Yau kuwa faifan minti uku ya isa mutum ya yanke wa surukarsa hukunci.

Ita kanta kalmar likitan ana cin zarafinta. Duk wanda ya ɓata wa wani rai yanzu sai a ce ai mai larurar ne. Alhali likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 1973 suka haramta wa kansu faɗin larurar wani sanannen mutum in ba su duba shi ba. Wanda ya yi shekaru yana karatun abin ya kame bakinsa, ina ga ni da kai?

Abin farin ciki shi ne, ba ma bukatar sanin sunan abin da ke cikin mutum kafin mu yi abin da ya dace. Ayyukansa a fili suke. Ya doke ta ko bai doke ta ba? Ya ci kuɗin ikilisiya ko bai ci ba? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, suna da shaidu. Fasto da dattawan ikilisiya, ku saurari matar ita kaɗai, ba a gaban mijin ba, domin a gabansa ba za ta iya magana ba. In akwai duka ko barazana, ta koma gidansu ko wani amintaccen wuri tukuna, sauran magana ta biyo baya. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda jihohi da yawa suka amince da ita, ta ɗauki azabtar da zuciya da zagi da tauye wa mutum dukiya a matsayin laifi, ba duka kaɗai ba. Shi kuma mai halin, in da gaske yana son sauyi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Babu ƙwayar da ke warkar da wannan larura, zama ne da gwani ana tattaunawa, wata da watanni, wani lokaci shekaru, kuma masu ita ba su cika kai kansu ba sai aure ya mutu ko aiki ya kuɓuce.

A yi masa addu'a, ƙwarai kuwa. Ban hana kowa azumi dominsa ba. Amma in ya tashi daga gaban bagadi ya ce an kuɓutar da shi, akwai ma'auni a cikin Bishara. Zakka, babban mai karɓar haraji na Yariko, da ya tuba, a gaban jama'a ya ɗauki alkawarin raba rabin dukiyarsa ga matalauta, da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. To, shi ma mai halin ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ambaci aljani ko laifin matarsa ba. Ya mayar mata da katin bankinta. Ya je gidan iyayenta ya janye ƙaryar da ya yi mata. Ya sauka daga kujerar dattijo ko ta jagoran waƙa, ya zauna a baya shekara guda ba mai tafa masa. Ita kuma ba dole ba ne ta zauna a gidan lokacin da ake wannan gwaji, tana iya jira daga nesa, da 'ya'yanta, har a ga abin da hali zai yi.